Ruwan Ɗaurayar Iya Tururi

Matso kusa ka gyara zama, in ba ka labarin wata mata da ta shekara ashirin da biyu tana wanke kwalabe a ɗakin binciken ƙwayoyin cuta na wata jami'a. Iya Tururi ake ce mata, don ita ke kula da babbar tukunyar ƙarfen da ake turara kayan aiki a ciki, mai huci kamar tsohuwar mota a hawan tudu. Ba ta yi boko mai nisa ba. Mijinta tela ne da idonsa ya yi rauni, da wankin nan ta raini 'ya'ya huɗu. Taƙamarta ɗaya ce a duniya: ba a taɓa cewa kwalbar da ta wanke ta ɓata wa wani aiki ba.

Ƙa'idar wankin kuwa ba ta canzawa. Sabulu, ɗauraya uku da ruwan famfo, sannan uku da tataccen ruwan da wata na'ura ke ɗigarwa a lungu. Ba wanda ya taɓa gaya mata dalili, ita ma ba ta tambaya ba.

A ɗakin akwai wata ɗaliba mai neman digirin dakta, Doguwa, shekararta huɗu tana kiwon ƙwayoyin cuta kamar mai kiwon kaji. Wata rana Iya ta tambaye ta me take nema a jikinsu.

"Iya, jikinmu yana da wasu mitsi-mitsin makamai, a fata, a hanji, har a yawu. Sai su manne wa ƙwayar cuta su huda mata riga. Amma ita ma tana da mai gadi a jikin rigar. In ya ji alamar haɗari sai ya aika ciki, a buɗe wasu ƙwayoyin halittarta na gado da ke kulle, su sauya rigar. Makami ya zo ya zame."

"Abin da ba shi da hanci ba shi da kunne, da me yake ji?"

"Shi nake bincike ke nan."

"To, Allah ya ba da sa'a, 'yata," in ji Iya, ta koma bakin famfo kanta a ɗaure.

Sai na'urar tace ruwa ta lalace, mai gyara ya ce sai bayan mako uku. Kwalabe suka taru. Iya ta yi tunani irin na uwa: ai ba abin da ke tsira a cikin tukunyarta. Ta ɗebi ruwan famfo ta tafasa shi sosai, ta ɗauraye da shi har sau biyar don ƙarin tsabta. Ba ta gaya wa kowa ba, don a ganinta ba abin faɗa.

Ba a yi kwana goma ba ta tarar da Doguwa ta zabga tagumi a gaban farantan gwajinta.

"Sun mutu, Iya. Duk wanda na zuba wa makamin sai ya mutu."

"Kai, barka. Ashe wahala ta ƙare."

Sai Doguwa ta fashe da kuka. Iya ta tsaya riƙe da soso, ta rasa inda ta yi kuskure. Ashe duk littafin da yarinyar ta rubuta a kan cewa waɗannan ƙwayoyin ba sa mutuwa ne. Farfesan da ke duba aikinta ma ya leƙo, ya kalli farantan ta saman tabarau, ya ce in ba su tsira yau ba, ta yaya zai yarda sun tsira bara? Ya ba ta zuwa Juma'a ta kawo masa bayani.

Ranar Laraba Doguwa na ta lissafi da yatsu tana magana ita kaɗai, Iya na goge teburi kusa da ita.

"Kamar mai gadin barci yake yi. Shi kuwa ba ya barci sai in abincinsu ya cika da gishirin maganiziyam, ni kuma ban sa ba."

"Wane irin gishiri ne wannan?"

"Na cikin ruwa ne, Iya. Farin nan da ke kamawa a gindin buta."

Iya ta daina goge teburin. "Ko an tafasa ruwan?"

"Tafasa ai mai rai take kashewa. Gishiri yana nan daram."

Iya ta shiga ɗakin tukunya ta ɗaga murfin bokitin da take tafasa ruwan a ciki. Ga farin nan ya yi zobe a gindinsa. A kwalaben da ta ɗauraye da ruwan nan kuwa ake haɗa wa ƙwayoyin abinci. Ba wanda ya gani, ba kuma wanda zai taɓa tunanin duba bokitin mai wanki. Ta zauna a kan kujerar roba, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗauke shi ta nufi ofishin Farfesa.

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba. Ni ce."

Farfesa ya leƙa bokitin, ya kankare farin da farce, sai ga shi yana murmushi. Ya ce wannan ma hujja ce mai kyau, Doguwa ta ƙara babi guda a kai. Bai gama rufe baki ba ya jawo takarda ya rubuta wa Iya gargaɗi, na farko a rayuwarta, ya ce doka ce.

Doguwa ta rungume ta a baranda tana godiya. Iya ta ninke takardar ta cusa a jaka, ta ce, "'Yata, ni fa har yanzu ban gane ba. Na ƙara tsabta an ce na sa datti. Na kashe cuta kin yi kuka. Na ɓata aiki an samu babi."

Da ta koma gida ta karanta wa tela takardar. Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai a ba shi ruwa ya sha, kowane iri ne.

To kai da ka ji labarin, in kai ne Farfesa, me za ka rubuta a takardar nan?