Kai da Kafaɗun Tsohon Sule

A shekarun da cinikin kuɗin ƙasashen waje ta waya ya shigo cikin gari, majalisarmu ta ƙofar wani shagon ɗinki a Soron Ɗinki ta koma kasuwar canji. Da can hirar ƙwallo muke yi bayan la'asar. Sai aka wayi gari kowa ya sunkuya yana kallon wasu sanduna koraye da jajaye a waya suna hawa da sauka.

Limamin wannan harka taubashina ne, ɗan gwaggona, wanda lissafi ya hana wa sakat a makaranta. Shi zanen farashi yake karantawa. Yau ya kalli waya ya ce ga kai ga kafaɗu biyu, farashi zai faɗi. Gobe ya ce ga kofi da mariƙinsa, zai tashi. Yana da wani jerin lambobi, ɗaya, ɗaya, biyu, uku, biyar, takwas, wanda ya rantse a kansu aka tsara ganyen bishiya da farashin dala. In abin da ya faɗa ya faru, sai duk unguwa ta ji. In bai faru ba, ya ce kafaɗar dama ce ba ta gama fitowa ba.

Abokin hamayyarsa wani malamin lissafi ne na sakandare, da ke zuwa daga Koki a kan babur. Malam yakan ce abin da taubashina yake yi bugun ƙasa ne, sai dai a kan gilashi. Shi manhaja ya rubuta a kwamfuta, ya ɗura mata farashin shekarun baya, ita za ta saya ta sayar, ba ruwanta da tsoro ko kwaɗayi.

Wata Asabar Malam ya zo da takarda mai zanen farashi, ya miƙa wa taubashina.

“Ka taimaka ka duba min wannan. Ina son in shiga.”

Taubashina ya gyara zama, ya ari ma'aunin tela ya ɗora a kan zanen. Ya daɗe yana ƙirga da leɓe.

“Malam, Allah ya so ka da ka tambaya. Ga kai, ga kafaɗu, ga wuya ma. Kada ka saya. Manyan kasuwa sun fara janye jiki.”

Malam ya zaro wani tsohon sule daga aljihu, ya ce na kakarsa ne. Shi ya yi ta jefawa sama: in ya faɗo ta fuska ya ja layi sama, in ta baya ya ja ƙasa. Zanen ke nan, babu kasuwa babu manyanta.

Muka kwashe da dariya har tela ya tsayar da kekensa. Na zaci taubashina zai tashi ya bar wurin. Sai ya karɓi sulen ya jujjuya shi, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

“To kun gani. Har ƙarfe ma bin ƙa'idar yake.”

Bayan wannan, mutane da yawa suka koma bayan Malam. Ya nuna mana yadda manhajarsa ta cinye kasuwar bara da ta bara waccan, ba ta kuskure ba. Babu wanda ya tambaye shi sau nawa ya gyara ta kafin ta iya faɗin abin da ya riga ya wuce. Ranar da ya sake ta a kasuwar gaske, wani mai mulki a wata ƙasa ya yi magana, farashi ya rufta. Manhajar, da yake ba ta da tsoro, ta ci gaba da saye. Malam kuwa yana aji yana koyar da darasin kusurwa. Daga makon nan ya fara zuwa majalisa a ƙafa, yana cewa likita ne ya ce ya riƙa tattaki.

Taubashina kuwa ya daina ciniki gaba ɗaya. Ya kama shago a Gwale, ya sa benci da allo, yana koya wa samari karanta zane. Wurin ya cika har ya rasa mai tayawa, musamman a darasin jerin lambobi, inda ɗalibai ke yi masa tambayoyin da ba ya iya amsawa. Ni ya aika in yi wa Malam magana. Malam ya tambaye ni ko ranar Asabar ce, domin sauran ranaku yana makaranta.