Motsi a Cikin Tarin Ganye

Shekara ashirin da shida Baba mai shara ya yi yana share farfajiyar makarantar, kuma da wuya a sami mutumin da ya ɗauki tsutsa da daraja kamarsa. Ba ƙananan nan ba, manya ne masu kaurin babban yatsa, baƙaƙe masu ƙayoyi, waɗanda ke cinye ganyen bishiyar tsakar fili su bar ta tsirara. In sun ƙoshi sai su gangaro su shige ƙasa, su yi wata da watanni ba ci ba sha. Ruwan farko na sauka sai su fito sun zama malam-buɗe-littafi mai faɗin tafin hannu, launinsa sak busasshen ganye. Kana taɓa shi zai buɗe fukafukai, ka ga wasu jajayen idanu biyu sun kafe ka. Malamai mata sun sha yar da jaka su ranta a na kare.

Da aka malala siminti a farfajiyar, tsutsotsin suka rasa wurin shiga. Sai Baba ya riƙa kwashe su a bokiti yana kai su bayan ɗakin karatu, inda ƙasa ke da taushi. Abokan aiki suka ce ya sami 'ya'yan riƙo, saura a yi musu rajista a aji ɗaya. Shi ko a jikinsa. Yakan ce malam-buɗe-littafin da ya fito ko bakin cin abinci ba shi da shi, kwana huɗu ko biyar ne rabonsa a duniya, to me zai sa a hana shi su?

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne idonsa. Yanar ido ta rufe na hagu ruf, na dama ma ya fara dishi-dishi. Da ƙirga taku yake hawa matakala, da murya yake gane mutane. Tsoro ya hana shi sakat. In shugabar makaranta ta sani, aiki ya tafi, ɗakin da yake zaune a bakin ƙofa ma ya tafi. In autarsa ta sani, za ta ja shi asibiti, inda yayansa ya shiga da ƙafarsa aka fito da shi ana riƙe masa sanda. Don haka ya ja bakinsa ya yi gum, kullum gabansa na faɗuwa in an miƙo masa takarda.

Washegarin ruwan farko na bana, iska ta zubar da ganye ko'ina. Ya share bayan ɗakin karatu, ya tara, ya yayyafa kananzir saboda danshi, ya ƙyasta ashana. Wuta na kamawa ya ji wani fat-fat-fat daga cikin tarin. Ya san wannan ƙara. Sun fito ke nan, suna shanya fukafukai a ƙasa, shi kuwa ya haɗa su da ganye ya share.

Ya durƙusa ya cusa hannu biyu cikin wutar yana tonowa. Duk abin da ya damƙo sai ya ji ya marmashe, bai san ko ganye ne ko su ne ba. Yana cikin haka aka fizgo rigarsa ta baya. Shugaba ce, ya gane muryarta.

"Baba, lafiyarka kuwa? Dubi hannunka. Ga su nan birjik tun safe, kai da ka fi kowa saninsu, yaya aka yi ka ƙona su?"

Ƙarya ta zo masa har bakin harshe, ya ce ashana ce ta suɓuce. Amma har yanzu akwai ɗaya da ke bugun ƙasa kusa da gwiwarsa, yana jinsa, ya lalubo bai same shi ba.

"Ranki ya daɗe, ban gan su ba," ya ce. "Ke ɗin ma ba na ganinki."