Saje, Wadda Ta Cire "Ya Gudu" Daga Takardar Babana

Ƙarfe bakwai da rabi take isowa, jaka a hammata, makullai a hannu. Ofishinta ne na ƙarshe a baranda, inda ake ajiye takardun tsofaffin sojoji, ɗakin da ma'aikata ke cewa in an kai ka can to an manta da kai. Kafin ta zauna sai ta buɗe tagogi, ta kunna fankar nan mai ƙara, ta goge bencin baƙi da kanta. Teburinta yana iya jira, bencin ne ba ya jira, don a kansa tsofaffi ke zama. Sannan ta leƙa waje ta ce, "Wa ya riga kowa?"

Ba ta taɓa sa kaki ba, amma Saje ake ce mata. Tsofaffin ne suka laƙaba mata, saboda in ta ce ka dawo Laraba da hoto biyu, ko da sanda kake dogarawa sai ka dawo Laraba. Aikinta gyara kuskure a takardar sallama: wanda aka rage wa shekarun aiki, wanda aka jefa a bataliyar da bai taɓa gani ba, wanda aka rubuta ya mutu alhali ga shi a benci yana tari. Masinjan ofishin ne ya ba ni labarin wannan na ƙarshe. Ya ce ta dubi takarda, ta dubi mutum, ta ce, "Baba, ga shi an ce ka rasu. Yaya ka baro su can?" Tsohon ya yi dariya har da hawaye. Bayan wata uku ta dawo da shi duniya a takarda.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya bayan shekara talatin da biyar. Na san yadda za a yi, a miƙa mata agogon bango, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Ni wannan bai ishe ni ba, shi ya sa zan faɗi abin da ta yi wa mahaifina.

Babana ya yi soja shekara tara, amma a gidanmu ba a maganar. Mun taso mun ga mai gyaran rediyo, shiru-shiru, wanda in ya hango tsofaffin sojojin unguwa suna hira sai ya sake hanya. Ina 'yar shekara goma sha biyar na ji dalili, a bakin wata maƙwabciya da faɗa ya haɗa ni da 'yarta. Takardar sallamarsa cewa ta yi an kore shi saboda ya gudu daga bakin daga. Ban tambaye shi ba. Innarmu ma ban taɓa jin ta tambaya ba.

Bara waccan ciwo ya kwantar da shi. Da ya ɗan samu sauƙi, wata safiya ya kira ni, ya miƙo min takardar, duk ta yi laushi saboda ninki. Ya ce, "Uwata, ban gudu ba. Ba na so in tafi da wannan a kaina." Shekara arba'in da ɗaya yana ɗauke da shi.

Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa ya sani. Ofis uku na shiga, uku na fito ina masifa, don duk inda na je sai a ce an rufe fayil. A haka na iso wurin Saje, riƙe da hannun Baba, na shirya wa faɗa na huɗu. Ko kallona ba ta yi ba. Ta karɓi takardar, ta karanta, ta ce, "Kofur, bismilla, ga wuri."

Baba ya ce, "Malama, an cire min wannan igiyar tun tuni."

Ta ce, "Can aka cire. A ɗakin nan kofur kake sai na gama bincikena."

Ashe ita ba ta fara aiki da fayil. Mutum take fara saurare. Ta ce ya ba ta labarin ranar tun daga tashinsa barci, kada ya tsallake komai. Baba ya fara da ƙyar. Ya ce an yi musu kwanton ɓauna ana ruwa, aka harbi abokinsa Dogo a cinya, ya saɓa shi a kafaɗa ya nufi asibitin tanti da ke bayan daga. A hanya wani abu ya doke shi a baya, ya dai ci gaba da tafiya har ya hango tantin, daga nan bai ƙara sanin inda yake ba. Ya yi sama da wata a kwance. Da ya koma bataliya ya tarar an riga an rubuta ya gudu. Ya ce yana asibiti, aka duba da lambarsa, babu. Ya nuna tabon harsashi, wani hafsa ya ce ai wanda ya juya baya shi ake harbi a baya.

Ni ina kuka, ita kuwa sai tambayoyin da suka sa na fara ganin kamar ba ta da tausayi. Da wace kafaɗa ya ɗauke shi? Takalmi nawa ya isa da shi? Can ta ce, "Me ke jikinka da ka faɗi?"

Baba ya ce rigarsa ya yayyaga ya ɗaure wa Dogo cinya, sanyi ya kama shi, ya zare rigar saman Dogo ya sa. Saje ta ajiye biro. Ta ce, "A zamaninku a ina ake buga wa soja lambarsa?" Ya ce, "A kwalar riga." Ta ce, "To wanda aka kawo a sume, a ina nas za ta karanta lambarsa?" Baba ya dafe kai. Shekara arba'in bai taɓa kawo rigar nan a ransa ba.

Rajistar asibitin tana cikin wani sito, a kwalaye da ɓeraye suka mayar gidan haya. Masinja ya ce mako bakwai tana shiga a lokacin hutunta na rana, ta ɗaure hanci da gefen mayafi, ta fito tana atishawa. Har shugabanta ya ce ta bari, aikin banza ne. Ta ce to ranka ya daɗe, washegari ta koma. A mako na takwas ta samu. Lambar Dogo ce, an kwantar da ita sau biyu a rana ɗaya. Gado na huɗu, rauni a cinya, ya rasu. Gado na tara, harsashi a allon kafaɗar hagu, an sallame shi bayan kwana arba'in da bakwai.

Ta tura wa kwamitin da ke yanke hukunci, ya dawo da takardar, wai hujja ba ta isa ba. Na ce mu bar su da Allah, ta ce, "Za mu bar su da Shi, amma sai mun kai musu likita." Ta sa likitan sojoji ya duba tabon Baba, ya rubuta cewa ya dace da abin da ke rajista. Ta sake turawa. Duk Litinin sai ta hau bene ta tambaya, har sakataren kwamitin ya fara ɓuya in ya ji takunta.

Saje, ke ce kika kira babana da muƙaminsa lokacin da shi kansa ya daina. Ke ce kika yarda cewa takarda mai hatimi uku tana iya yin ƙarya, tsoho mai rawar murya kuma yana iya faɗin gaskiya. Ba ki san mu ba, ko ruwan gidanmu ba ki taɓa sha ba. Na shigo miki da faɗa, kika bar ni na huce don kaina. Ina jin kunyar wannan har yau.

Bayan wata goma sha huɗu ta kira mu. Muka je da Inna. Idon Baba ya yi rauni, sai ya ce ta karanta masa. Ta miƙe tsaye, shi ma ya dafa ni ya miƙe. Ta karanta cewa an sallame shi da mutunci, bayan rauni da ya samu a bakin aiki yana ceton ɗan'uwansa soja. Inna ta rufe fuska da mayafi, ta ce, "Malam, ka yafe min. Ban taɓa tambayarka ba don ina tsoron amsar."

Baba ya ce babu komai. Sai ya juya wurin Saje ya ce, "Malama, Dogo fa? Yaushe ya cika?"

Ta ce, "Washegari da hantsi. An rubuta har ya sha ruwa, ya yi magana."

Baba ya koma ya zauna a hankali. Ya ce, "Ashe na kai shi da rai." A nan ne ya yi kukan, irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba. Saje ta tura ƙofa, ta ce wa na waje su ɗan dakata.

Ku da kuke zaune bayan kantar ofis, mutane na miƙo muku takardu, ba na ce ku shiga sito ku yi mura ba. Kafin dai ku ce an rufe fayil, ku ɗaga kai ku dubi mai shi, ku yi masa tambaya ko ɗaya ce. Wanda zai gaji kujerarta kuwa, Allah Ya ba shi rabin kunnenta.

Saje, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya jiƙan waɗanda suka haife ki. Sai dai ina da ƙara a kanki. Baba yanzu ba ya barin baƙo ya tashi sai ya ji labarin soja tun daga farko. Jiya mai karanta mitar wuta ya shigo na minti biyu, sai da ya yi awa ɗaya da rabi. Inna ta ce in gaya miki laifinki ne, kuma kada ki kuskura ki gyara wannan.