Hannun Daman Esera

Ƙanena Esera bai taɓa dukan kowa ba. Ko kazar Lahadi ni nake murɗe mata wuya, shi yana kau da kai. Amma a miƙa masa littafi da jan biro, sai ka ga mahauci. Tun yana saurayi yake koyar da Tsohon Alkawari a makarantar fastoci nan tsibirinmu na Upolu, wata mujallar masana ta birnin Auckland kuma tana aiko masa da sababbin littattafai ya yi musu sharhi. Ladansa littafin da ya yanka, shi ke nan. Aure bai yi ba. Wace mace za ta zauna da mutumin da ke gyara wa mai wa'azi Ibrananci a ƙofar coci?

Turawa ya saba yankawa. Su in ka zage su a mujalla, a mujalla suke ramawa, bayan shekara. Sai ya ɗauka Fasto Uelese na ƙauyen da ke gaba da namu ma haka yake. Uelese ya dawo daga karatu a Ostareliya da littafi a kan Yayel, matar nan ta Tsohon Alkawari da ta kafa wa sarkin yaƙi Sisera turken tanti a ka. A wurinsa Yayel tsibiranmu ce, Sisera ɗan mulkin mallaka, kuma kowane shafi sai ya jawo wani masanin Faransa ya tsaya masa shaida. Esera ya rubuta cewa an jibga wa baiwar Allah Faransawa har ta kasa ɗaga guduma.

Na ce masa, "Kai mai kan kwakwa, fasto ne fa. Ƙauye guda ke ciyar da shi."

Ya ce, "Yaya Sieni, wa ke karanta mujallar nan? Ni da editan, shi ma da ƙyar."

Wani dikon mai neman suna, cikin masu taimaka wa fasto a coci, ya karanta. Ya juya sharhin zuwa harshenmu, ya rera wa dattawan ƙauyen Uelese a wurin cin abincin Lahadi, har da ƙarin gishirinsa.

Ƙannen Uelese suka tare Esera a tashar bas da rana tsaka, da sandar buga ƙwallon kirikiti, mai gefe ukun nan. Bugun farko ya fasa masa muƙamuƙi. Suka danne shi, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan siminti, suka tambaye shi ko da wannan ya rubuta, suka daka shi kamar gwaza. Haƙoransa wata mai sayar da gwanda ce ta kawo mini cikin ganye.

Ranar da aka sallamo shi daga asibiti, baki ɗaure da waya, samarin gidanmu suka wasa adduna, ɗana Lemi a gaba. Gari na wayewa muka ga Uelese durƙushe a ƙofarmu, lulluɓe da tabarmar neman gafara, ga itacen wuta da duwatsun gashi kusa da shi, wato ga ni, ku gasa ni kamar alade in kun so. Mutanensa na zaune a hayin titi. Muddin gidanmu bai ɗaga tabarmar ba, jini ne zai biyo baya, kuma dattijon gidanmu ya ce babu mai taɓa ta sai mai hannun.

Rana ta take, Esera na ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Lemi ya gaji da jira ya kai sara. Addar ta tsaga tabarmar ta ɗauke wa Uelese saman kunne. Jini ya jiƙa saƙar, fasto bai motsa ba, amma na hayin titi sun fara tsintar duwatsu. Na zare turken ɓarar kwakwa na kwaɗa wa Lemi a gwiwa, ya zube.

"Zauna, sakarai. Ko sunan littafin ba ka iya faɗa ba."

Na shiga ɗaki. "Tashi, mahauci. Ko ka fita, ko yau mu binne yara."

Ya ce ta tsakanin waya, "Zai ɗauka na janye sharhin."

"Wa ya tambaye ka sharhi? Tabarma ce kawai, ko ita ma sai ka karanta ta?"

Ya fita yana tangaɗi, ya yaye ta da hagu. Uelese ya ɗago, tafinsa a kan kunne.

"Susuga, babban malami, ka yafe mana."

"Hannun na yafe. Babi na uku kam shirme ne."

Uelese ya ce, "Na huɗu fa?"

"Da dama-dama."

Na ji duwatsu suna faɗuwa ƙasa a hayin titi.

Hannun bai ƙara miƙewa ba har ya koma ga Allah. Ya koyi rubutu da hagu, kamar kaguwa ta bi takarda, halin kuwa bai canza ba. Littafin Uelese na biyu da kansa ya kawo, Faransawa biyu kacal a ciki, Esera ya yanka shi shi ma. Wannan karon dikon bai fassara ba. Na riga na kai masa ziyara da turkena.