Ranar da Shanu Suka Ciro Ni Daga Rijiya

Na taɓa maƙalewa a cikin rijiya, maza shida suka kasa ciro ni, sai da aka kawo shanun huɗa. Shekara biyar ke nan da yin abin, kuma ko zan manta komai a duniya, wannan ranar ba za ta fita daga raina ba.

Ni asalina mahaƙin rijiya ne. A ƙauyenmu da ke bayan Gubuchi, ni da yayana muka gaji sana'ar a wurin mahaifinmu. Shekara ashirin ina shiga rami ina fita. A lokacin jikina kamar sanda yake. Sau ɗaya ƙasa ta rufto mini har ƙirji, na tone kaina na fito, washegari na koma aiki. Daga baya na bar haƙa na koma sarin mazarƙwaila, ina ɗauka a wurin masu dafawa ina kaiwa kasuwar Makarfi da ta Hunkuyi. Yaya ya ci gaba da rijiya shi kaɗai.

Sari ya karɓe ni. Na sayi mashin, na daina taka ƙasa, ko masallacin unguwa a kansa nake zuwa. Da safe koko da ƙosai, sukari har sai cokali ya yi nauyi. Kafin hantsi na zauna wurin mai shayi. A kasuwa shinkafa da mai, tsire, lemon kwalba biyu ko uku, kuma duk mazarƙwailar da zan saya sai na ɓantara na ɗanɗana. Da yamma in ci tuwon matata, sannan kwanon mahaifiyarmu, Inna, ya iso, shi ma in share. Tumbi ya fito, wuya ya cika. Mutane suka fara kirana Alhaji alhali ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Inna kuwa duk wadda ta shigo sai ta ce mata autanta ya huta. Ni ma haka na ɗauka. Hakin da nake yi in na sunkuya ɗaura takalmi ban taɓa ɗaukarsa komai ba.

Ranar da abin ya faru, tsakiyar bazara ce. Rijiyar unguwarmu, wadda kowa yake sha, ta koma laka, aka ce Yaya ya yashe ta. Don a yi sauri, wani ya kawo injin ban ruwa aka rataya shi a cikin bakin rijiyar ya zuƙe sauran ruwan. Hayaƙin injin ya sauka ya kwanta a ƙasa. Yaya ya shiga, bai cika guga biyu ba aka ji shiru.

Ina ɗaura kaya a mashin aka zo aka faɗa mini. Na tarar da mutane sun kewaye bakin rijiya suna salati, babu mai niyyar shiga. Ban ga laifinsu ba, ba su san ciki ba. Na sa aka ɗaura ganye a igiya aka yi ta zurawa ana jawowa don iska ta motsa, na jiƙa rawani na ɗaure hanci, na tuɓe riga. A jikin irin wannan rijiyar akwai ƙananan ramuka da muke sassaƙawa don taka ƙafa, kuma na wannan da hannuna na sassaƙa su. Sauka ba ta ba ni wuya ba, nauyina ne ma ya kai ni. Na sami Yaya a jingine, kansa ya langaɓe, amma yana numfashi. Na ɗaura masa igiya a hammata na ce a ja. Ya tafi sama kamar guga.

Sai ni. Na taka ramin farko, na biyu, na uku. A na huɗu numfashina ya ƙare, ƙasar da na taka ta ɓare saboda nauyi, na koma cikin laka da baya. Na sake gwadawa, ban ma kai inda na kai ba. Aka zuro igiya na ɗaura. Suka ja, na tashi kamar tsawon mutum biyu, sai na tsaya cak ina lilo. Igiyar ta shige cikin namana. Gungumen da aka gitta a bakin rijiyar ya fara ƙara. Kaina yana juyawa, bakin rijiyar can sama ya koma kamar faifai. Ina jin muryoyinsu sarai, na ji wani ya ce, “Wallahi ba ya tahowa.” Ranar da ƙasa ta rufto mini ban ji tsoro ba, don na san jikina zai fitar da ni. Wannan karon jikin nawa ne yake riƙe da ni a ƙasa.

Wani dattijo maƙwabcinmu ne ya ce a kawo shanunsa. Aka riɓa igiya biyu, aka sauke ni na sake ɗaurawa, aka ɗaura ɗaya bakin a karkiya, aka kora su. Haka na fito, simintin bakin rijiya ya saɓule mini fatar ciki, mata suna leƙe ta katanga. Kafin la'asar labari ya kai Makarfi cewa an ciro Alhaji da shanu.

Dariyar ba ta dame ni kamar abin da Yaya ya ce ba. Ya rayu, amma ƙirjinsa bai koma daidai ba, in ya yi tafiya kaɗan sai tari. Yasar ba a gama ba, damina ta zo ta cika rijiyar, kowa ya san wata bazarar za ta sake komawa laka. Bayan abin da aka gani babu wanda zai shiga. Na je gaishe shi, na same shi yana wasa dagi. Na tambaye shi na mene ne, ya ce na bazara. Na ce ba zai sake shiga rami ba muddin ina raye, ni zan shiga. Ya dubi cikina ya ce, “Auta, shanun mutane ba kullum suke gida ba.”

Na san shi. In bazara ta zo ban iya ba, zai shiga, kuma ba lalle ya fito ba.

Kuskuren farko da na yi shi ne na ɗauka yunwa ce magani. Na daina cin komai sai ruwan tsamiya, na kuma sayi wani garin rage tumbi a wurin mai lasifika a kasuwa. Kwana uku ina zawo, a na huɗu na faɗi a gindin mashin. Matata ta sa aka kai ni ƙaramin asibiti. Malamar asibitin ta auna ni, ta ce jinina ya hau, ciwon sukari ma yana bakin ƙofa. Ta ɗora ni a sikeli ta faɗi lamba, na ce ta faɗa mini yadda zan gane, ta ce na fi buhun masara. Ta tambayi abin da nake ci a yini, na fara lissafawa, kafin in kai la'asar ta ajiye biro.

“Baba, wa ya ce ka daina cin abinci?” in ji ta. “Shekara nawa ka yi kana tara wannan? To, ba a kwana uku zai tafi ba.”

Ta ce in ci sau uku, amma malmala ɗaya maimakon uku, miyar ganye ta fi tuwon yawa. Wake, zogale, rama, duk abin da ke bayan gidanmu muna ba awaki. Ta ce in bar lemon kwalba da sukari, a rage mai a girki, in sha ruwa, in yi tafiya kullum har in yi gumi, in fara da kaɗan. Ta ba ni maganin hawan jini ta ce in riƙa dawowa duk wata. Na tambaye ta ko zan iya hawa rijiya kafin bazara. Ta ce ba za ta yi mini alkawari ba.

Ni ban iya karanta sikeli ba, amma mahaƙi ya san awo da igiya. Na yanki guntun igiyar da aka ciro ni da ita, na zagaya cibiyata na ƙulla. Duk Juma'a kafin wanka sai in gwada.

Na ajiye mashin sai ranar kasuwa. Bayan sallar asuba in kama hanyar fadama in dawo. Kwanakin farko ko gonar farko ba na wucewa sai na zauna. Duk mai mashin da ya gan ni sai ya tsaya ya ce, “Alhaji, mai ne ya ƙare? Hau in sauke ka.” In ce ya wuce. Aka fara cewa na karye a kasuwa. Da wuyana ya fara zubewa kuma sai aka koma zuwa dubiya, mutum ya yi sallama ya zauna ya ce sannu da jiki. Mazarƙwaila kuwa na koyi gane ta da ido da ƙanshi da yadda take ɓarewa, ban ƙara kai ta baki ba sai ɗan abin da farce ya ɗauka.

Wadda ta fi ba ni wuya Inna ce. A wurinmu ba a mayar wa uwa da kwano da abinci a ciki. Na mayar sau biyu, a na uku ta aiko a kira ni. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa sosai ba.

“Auta, tuwon nawa ne ya daina daɗi, ko an hana ka ne?”

“Inna, daɗinsa ne ya hana ni fitowa daga rijiya.”

Ban iya lanƙwasa magana ba, kuma na ga ta soke ta. Sai na faɗa mata abin da Yaya yake shiryawa da daginsa, wanda ba ta sani ba. Washegari kwanonta ya zo da kwaɗon zogale da 'yar malmala kamar dunƙulen hannu. Daga ranar ita ce mai tambayar matata ko cokali nawa na mai ta zuba.

Igiyar ta fara saki, na matsar da ƙulli sau biyu. Sai a tsakiyar damina igiyar ta tsaya, Juma'a biyar ba ta motsa ba. Nan hankalina ya fi tashi. Ina jin tarin Yaya ta katanga, ina lissafin watannin da suka rage. A wani bikin suna na yi fushi na ci waina da nama har na kasa tashi, washegari na ji kamar in jefar da igiyar. Malamar ta ce haka jiki yake yi, kada in koma wa yunwa, in ƙara motsi. Na sallami 'yan ƙwadago na ɗauki fartanya da kaina. Bayan girbi na sami wata tsohuwar rijiyar lambu a fadama, marar zurfi, kullum in sauka in hau, in sauka in hau. Ƙulli ya ci gaba da matsawa, a hankali, ba yadda nake so ba.

Bazara ta zo, rijiya ta koma laka. Tumbin bai tafi duka ba, kuma ban san ko abin da ya tafi ya isa ba. Na ce babu inji, da guga za a kwashe. Muka zura fitila don gwada iskar ciki, ta kai ƙasa ba ta mutu ba. Yaya ya riƙe igiya, na yi bisimilla na sauka. Na yi ta cika guga har rana ta take, na sassaƙa sabon rami a inda wancan ya ɓare. Da na gama na ɗaga kai, na fara hawa.

Na wuce rami na huɗu. Na wuce inda na yi lilo. Wajen rabi na manna bayana da bango na tsaya ina haki. Daga sama Yaya ya ce, “Auta, mu ja?” Na ce kada wanda ya taɓa igiyar nan. Na huta, na ci gaba, rami ɗaya bayan ɗaya, har hannuna ya kama siminti.

Da na fito na zauna, sai na hango shanun dattijon nan a gindin mangwaro, an riga an sa musu karkiya. Dattijon ya ce wucewa kawai yake yi da su. Na dubi Yaya, ya kau da kai yana naɗe igiya. Ban ga laifinsa ba, don da ni ne a sama, da na kawo su.

Abin da na koya shi ne, ƙibar da ake yi mini barka da ita ba hutu ba ce, kaya ne, kuma ranar da ɗan'uwana ya buƙace ni kayan nan ya kusa binne ni. Loma ɗaya ɗaya na tara shi, haka kuma na sauke shi, ba da yunwa ba, ba da garin mai lasifika ba. Yanzu ina nan ƙauyenmu, ina sarin mazarƙwailata, malmalata ɗaya, ina zuwa fadama da ƙafa. Yaya ya rataye daginsa. Duk bazara ni nake yasar rijiyar unguwa, kuma da ƙafata nake fitowa.