Giɓin Darasi Na Bakwai

Cikin duk shekarun da na yi ina koyar da malamai ta intanet, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Laraba a tsakiyar damina, da na saka takardar sallama a jaka na nufi wani ƙauye a gefen dajin Falgore. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku ba ni aron hankalinku, domin abin da ya same ni yana iya samun kowannenku.

Bari in fara da yadda tsarin yake a lokacin. Cibiyarmu da ke Bebeji tana horar da malaman firamare waɗanda suka daɗe a aji amma ba su da cikakkiyar takardar koyarwa, daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Ba sa barin makarantunsu, ta waya suke karatun. Kowane mako mukan ɗora darasi ɗaya a manhaja, bidiyo ne da muke yankawa gida uku saboda kada ya cinye musu data. Mutum ya kalla, ya je ya gwada a ajinsa, sannan ya dawo ya danna maɓallin da aka rubuta "Na gama", sai darasi na gaba ya buɗe masa. Ni ne mai ɗaukar bidiyon darussan lissafi, ni ne kuma jami'in bibiya. A kwamfutata akwai allo mai sunayen ɗalibai gaba ɗaya. Wanda ke tafiya daidai sunansa kore ne, wanda ya tsaya ya koma ja. Ƙa'ida ita ce, duk wanda ya yi mako uku a ja, a sallame shi.

Gaskiya ina ji da allon nan. In na zauna gabansa da safe da kofin shayi, gani nake babu abin da ke ɓoye mini tun daga Yako har ƙarshen Doguwa. Na san mai himma, na san rago, ko in ce haka nake zato.

To, sai ga sunaye uku daga makaranta ɗaya sun yi ja a darasi na bakwai, sun ƙi motsi. Biyu matasa ne, in an sallame su za su iya sake shiga baɗi. Na ukun shi ne Malam Haruna, dattijo mai koyar da aji uku, wanda ya fi shekara ashirin yana riƙe da alli. Shi shekarunsa ba za su bar shi ya sake shiga ba. In aka cire sunansa, babu takarda, in babu takarda kuma za a ɗauke shi daga aji. Wannan zagayen ne kaɗai ya rage masa.

Shugabar shirin, Hajiya Rabi, ta kira ni ofishinta.

"Malam Sabi'u, mutanenka na Falgore fa? Juma'a zan rufe jerin sunaye."

"Ranki ya daɗe, na kira wayar dattijon ya fi sau biyar, ba ta shiga. Ni dai ina ganin ya gaji ne. Irinsu ba sa iya tafiya da abin zamani."

"Ganinka ba hujja ba ne. Ƙa'ida ta ce sai ya sa hannu. Tunda za ka Tudun Wada duba aiki, ka ƙarasa can."

Haka na tafi ina ƙunƙuni. Mota ta ajiye ni a bakin titi, ɗan acaɓa ya ɗauke ni muka kutsa tsakanin gonakin masara, muka ƙetare rafi biyu, taɓo har gwiwar wandona. Tun kafin mu yi nisa sabis ya ɗauke. Duk hanya ina shirya maganar da zan yi masa, mai taushi amma wadda ba ta da ƙofar roƙo.

Na isa bayan an tashi yara. A barandar aji na tarar da su su uku a kan tabarma, sun tuɓe takalma. Waya ɗaya ce jingine da bulo a gabansu, kuma muryar da ke fitowa daga cikinta tawa ce. Wani farin dattijo mai siririn gemu ya ɗago ya dube ni, ya dubi wayar, ya sake dubana, sai ya miƙe zumbur.

"Lale, lale! Allah gafarta Malam, yau kai ne da kanka? Malama Zulai, Malam Auwalu, ku tashi, ga malaminmu."

Mutumin nan ya kusa haifata, amma da hannu biyu ya karɓi hannuna, ya ƙi zama sai da na zauna. Aka gaisa, aka tambayi hanya da iyali da ruwan bana. Takardar tana cikin jaka, na kasa ciro ta. Na dai ce na zo ne in ji abin da ya tsayar da su.

Malam Haruna ya sunkuyar da kai. "Laifinmu ne, Malam. Kanmu ne bai ɗauka ba."

Ya bayyana mini yadda suke yi. Duk ranar kasuwa yakan hau babur zuwa bakin titi inda ake samun sabis, ya sauke darasin mako, ya dawo da shi. Bayan an tashi yara sai su zauna. Ba sa kallon bidiyon a jere. Yakan saki jimla biyu ko uku ya tsayar, kowa ya maimaita da bakinsa, ya faɗi abin da ya fahimta, sannan a rubuta. Kashegari kuma, kafin a saki sabo, sai kowa ya biya na jiya da ka.

"Haka muka taso a zaure gaban malamanmu," in ji shi. "Ba a ƙara wa mutum karatu sai ya biya na baya. In ya zo wurin da bai gane ba, nan zai tsaya, ko da wata zai yi."

Na ce to su biya mini na bakwai in ji. Darasin kuwa a kan koya wa yara ɗebewa ne, idan lambar ƙasa ta fi ta sama, kamar a ɗebe sha bakwai daga arba'in da biyu. Malama Zulai ta gyara zama ta fara. Jama'a, maganata ce take fitowa daga bakinta, kalma bayan kalma, har inda nake cewa "to, ku lura da kyau". Ta kawo yadda ake ɗaure kara goma-goma, a ajiye ɗauri huɗu da kara biyu a gaban yara. Sai ta yi shiru. Malam Auwalu ya karɓa, ya ce, "Kun ga ke nan amsa ta zama ashirin da biyar."

Na ce, "Kun tsallake tsakiya."

Suka dubi juna. Malam Haruna ya miƙo mini wayar a hankali.

Na danna kashi na ɗaya, daidai. Na danna na biyu, sai ga kashi na ɗaya ya sake fitowa. Na danna na uku, ga ni ina murmushi ina faɗin amsa. Ashe ranar da nake ɗora darasin, na ɗora na farko sau biyu, tsakiyar kuwa, inda ainihin dabarar take, tana nan kwance a kwamfutata. Mako uku ke nan. Ɗaliban ƙananan hukumomi huɗu sun bi ta kan wannan giɓi sun danna "Na gama", sunayensu kore shar, ni kuma ina kallo ina yaba musu.

"Malam Haruna, ai kuskurena ne! Don me ba ku rubuta a dandalin tambaya ba?"

"Haba, Malam. Dandalin nan kowa na karantawa. In da gangan ka bar wurin don ka gwada mu, mun tona jarrabawa. In kuma tuntuɓe ne, ɗalibi ba ya nuna tuntuɓen malaminsa a gaban jama'a. Shi ya sa na aiko maka kai kaɗai, sau biyu."

Na ciro wayata na nemi sunansa. Ga saƙonnin murya guda biyu, kowanne minti huɗu da wani abu. Na tuna su sarai. Na buɗe na farko a ofis, na ji sallama, na ji ina gajiya, ina iyali, yaya Hajiya, yaya abokan aiki, sai na kashe na ce dattijo ne mai son gaisuwa. Na biyun ko buɗewa ban yi ba. A wurin na saki na farko har ƙarshe. Sai a minti na huɗu, bayan ya gama addu'a, muryarsa ta yi ƙasa ta ce, "Sannan, Allah gafarta Malam, in ka samu sarari, akwai ɗan wurin da ya shige mana duhu a tsakiyar na bakwai."

Ban san inda zan sa fuskata ba. Na tambaye su abin da suka yi a mako ukun nan, don dai in samu abin faɗa.

Nan Malam Auwalu ya shiga aji ya fito da kwando cike da kara, Malam Haruna kuma ya buɗe wani littafin rubutu. Ashe ba zama suka yi ba. Tunda suna da farko suna da ƙarshe, sai suka shiga neman tsakiyar da kansu. Sun fara da ba yara lissafin haka nan don su ga inda za su faɗi, suka tarar yawancinsu suna juya lambobin, su ɗebe biyu daga bakwai, su samu talatin da biyar. Suka rubuta wannan. Daga nan Malam Haruna ya kawo dabarar dami. Ya ce duk yaron ƙauyen nan ya san in ana son zangarniya kaɗan kuma babu a warware, dami ake kwancewa. Ya ɗauki ɗauri ɗaya ya kwance a gabana, kara biyu suka zama sha biyu, ya ɗebe bakwai, ya ɗauke ɗauri ɗaya, ashirin da biyar ta rage a tabarma. Malama Zulai kuma, da yake rabin ajinta 'ya'yan makiyaya ne, ta lura su ba sa ɗebewa, ƙirgawa suke yi sama. Daga sha bakwai su cika ashirin, su haura zuwa arba'in, su ƙara biyu, kamar mai duba shanun da ba su dawo ba tukuna. Suka gwada kowace hanya a aji uku daban-daban, suka rubuta wadda ta fi kama yara masu sauri da wadda ta fi taimakon masu nauyin fahimta.

Na yi ta juya shafukan nan ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke cikin nawa bidiyon da ya ɓata bai wuce a soke huɗu a rubuta uku, a ɗora ɗan ƙaramin ɗaya kusa da biyu ba. Minti uku ne, na ɗauke shi ina duba agogo. Su kuwa, a barandar da ko sabis babu, sun gina abin da ya fi nawa nesa ba kusa ba. Na yi karatu a birni, na halarci bita iri-iri a kan dabarun koyarwa, amma ban taɓa zama gaban masu neman ilimi irin waɗannan ba.

"To ai kun gano," na ce. "Kun ma wuce. Don me ba ku danna kun gama ba? Kun san saura kwana biyu a cire sunanka?"

"Na sani, Malam. Na ga jan." Ya dubi wayar. "Amma ba mu san wacce ce taka a ciki ba. In na danna, na ce na karɓi abin da ban karɓa ba. Gobe in tsaya gaban yara da takardar da na samu ta haka?"

Na faɗa masa gaskiya, cewa tawa ba ta kai ko ɗaya daga cikin nasu ba. Bai yi murna ba, bai kuma nuna ya ji daɗin kama ni ba. Ya dai gyara zama, ya haɗa hannuwansa a kan gwiwa, ya ce, "To, Allah gafarta Malam, mun biya daidai? A ƙara mana?"

Na ce, "An ƙara."

Kashegari na shiga ofishin Hajiya Rabi, na ajiye takardar sallamar babu sa hannu, na ajiye hotunan littafinsu a kai. Na ce, "Ranki ya daɗe, in akwai wanda ya cancanci ja a darasin nan, ni ne." Ta karanta shafukan tsaf, ta cire tabarau ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Ka koma da kyamara. Su za su yi mana kashi na biyu." Haka aka yi. Aka mayar da kowa darasi na bakwai, masu koren suna har da ƙorafi. Malam Haruna ya kammala tare da sauran, ya karɓi takardarsa, ya ci gaba da ajinsa har lokacin ritayarsa ya yi.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Manhaja tana da amfani, ita ta kai muryata inda ƙafata ba ta taɓa zuwa ba. Amma yatsa take gani, ba ta san abin da ya shiga kai ba. Wanda ya tsaya, ku je ku ga abin da ya tsayar da shi kafin ku yanke masa hukunci, domin mutanenmu ba sa faɗin damuwarsu a farkon magana, kuma ba sa faɗin ta a gaban taro. Na kusa raba aji uku da malamin da ya fi ni sanin darajar karatu, don kawai na kasa ba shi minti huɗu.