Ranar da Kawu Ya Hana Ni Shiga Ruwa

Mun tashi daga Tawa ana fitowa sallar asuba, ni da kawuna da ɗiyata mai shekara tara, ga jariri goye a bayana. Da na san abin da ruwa zai yi da yarinyar nan kafin la'asar, da na bar ta gida tana tsaron tukunya. To lakwal a rufe take, malamai suna yajin aiki, ita kuma ta kafe sai ta raka kakanta Takanamat.

Kawu ya zo Tawa ne neman maganin ido. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe shi, sai an jira masu aikin ido sun zo, shi ya sa zan mai da shi gida. Tsohon sojan ruwa ne. Tun zamanin Nasara ya tafi cin rani, ƙafa ta kai shi Dakar, aka ɗauke shi aiki a jirgin yaƙin Faransa. Ya daɗe da dawowa Adar, ƙasar duwatsu da albasa, amma bakinsa har yau bai sauko daga jirgin ba.

A tasha muka samu wata tsohuwar Landiroba. Kuɗin mota ya hau tun da aka karya darajar sefa a gaban kuɗin Faransa. Har cuku, wanda ban san ya taɓa zuwa Faransa ba, shi ma ya hau. Kafin mu bar gari Kawu ya raba wa kowa muƙami. Direba ya zama pasha, wai haka suke kiran shugaban jirgi a bayan idonsa. Karen mota ya zama bosko, mai kula da igiyoyi. Hagu babor, dama tiribor, kwandon guzurina kuma kambis, ɗakin ajiyar abinci. Sauranmu duk matalo, ƙananan sojan jirgi.

Ya ce wa ɗiyata, "Amarya, buɗe kambis ki ba mijinki hura."

Ta ce, "Wane miji, ba ido ba haƙori? Ni na fasa."

"Ku ji mini matalo marar kunya. A jirginmu da bosko ya ba ki tsumma kin goge daɓe har Dakar."

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. A shingen fita gari jandarma ya leƙo ya ce wa direba kada dare ya same mu a daji, don kwanan nan ƴan tawayen Buzaye sun karɓe wata mota can arewa. Wasu maza biyu da ke gardamar jam'iyya suka waiwaya. A kujerar baya akwai wani Buzu dogo, ya naɗe fuska da rawani, idanunsa kaɗai ake gani. Ba wanda ya kula shi.

Hanyar ba ta da kyau. Jan dutse, sai yashi, sai ramuka cike da ruwa. Hatsi ya kai ƙugu, gonaki kore shar, mata duƙe suna tsinkar tafasa. Taya ta fashe mana da hantsi, muka ɓata lokaci mai yawa a gindin wata aduwa. Duk wanda ya ji ƙarar mota daga nesa sai ya miƙe ya duba.

Bayan azahar muka iso wata ƙorama. Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, can kan tuddai aka yi ruwan, ya gangaro ja wur, yana jan rassa da karan dawa. Wasu suka ce a jira ya janye. Direba ya dubi rana, ya ce shi ba zai kwana nan da motar mutane ba. Na tambayi Kawu a hankali mi ya gani. Ya karkata kunne ga ruwan, ya daɗe, sannan ya ce, "Ba ya yi mini daɗin ji. Amma pasha ya yi magana, matalo ba ya gardama."

Aka sauke mu don mota ta yi sauƙi. Ta ƙetare da ƙyar tana tari. Karen mota ya ɗaura igiya daga bayanta zuwa wani icce a gefenmu, aka ce kowa ya riƙe ya bi. Ruwan ya kai mini cinya, yana tura ƙafa kamar ana ja da hannu. Ni ke gaba, Kawu dafe da kafaɗata, ɗiyata a baya da takalmanta a ka. Mun taka tudu ke nan na waiwaya, na ga takalmi ɗaya ya zame mata. Ta saki igiya ta miƙa hannu. Shi ke nan, ruwa ya kwashe ƙafafunta.

Ban san na yi ƙara ba sai da na ji muryata. Na juya zan faɗa, da goyon da komai. Kawu ya damƙe mini hannu. Ban taɓa sanin akwai sauran ƙarfi haka a jikin tsohon ba.

"Mi ya faru?"

"Ruwa ya tafi da ita, Kawu, sake ni."

"Kina ganin ta?"

"Ina ganin kanta."

"To hau motar."

Ya tura ni kan hancin Landiroba, ya kama gwiwar hannuna ya ɗaga. "Nuna ta. Kar ki kira ta, kar ki dubi kowa, kar ki share hawaye. Inda ta bi hannunki ya bi." Sannan ya ɗaga wata murya da ban san shi da ita ba. "Mutum a ruwa, tiribor! Bosko, jefa jarka wadda ba komai ciki. Maza ku bi gaɓa, kar ku dubi ruwa, ku dubi hannun uwar."

Na tsaya. Ƴan uwana mata, ku da kuka haifa kun san abin da nake faɗi. Ɗiyata tana tafiya, ni kuma ina tsaye kamar an kafa turke, ina nuna ta da yatsa. Daga gaɓa ba a gane ta, kanta da kututture duk kala ɗaya a jan ruwan, ga sabara ta tare ido. Ni da ke sama kaɗai nake rarrabewa. Jariri yana tsala kuka a bayana. Wata mata tana jan zanena tana salati. Jarkar ta wuce can nesa da ita.

Sai kan ya nutse.

Na ce, "Kawu, ba na ganin ta."

Ya ce, "Kar ki sauke. Bi da hannun yadda ruwa ke tafiya. Za ta ɓullo gaba, ba inda ta nutse ba."

Na ja hannu a hankali, ina nuna ruwan da babu kowa a ciki. Ban san tsawon lokacin ba. Can kusa da wata lanƙwasa na ga wani abu baƙi ya taso ya maƙale a rassan wani kalgo da ruwa ya kayar. Na ce ga ta. Buzun nan shi ya riga kowa, yana gudu yana waiwayen hannuna yana warware rawaninsa. Ya ba maza biyu bakin rawanin, ya ɗaura ɗaya bakin a ƙugu, ya shiga har ƙirji. Da gashi ya kamo ta.

Sai da Kawu ya ji ana cewa tana numfashi sannan ya ce, "Sauke hannun, ɗiyata." Hannun ya ƙi sauka. Kawu ne ya lanƙwasa mini shi.

Yarinyar ta amayar da ruwa mai yawa, ƙaya ta yage mata cinya da baya. Mutumin da ya fiddo ta ya juya mana baya, ya rufe baki da hannun riga, yana mai da jiƙaƙƙen rawaninsa. Kowa ya kau da kai har ya gama, don mun san abin da buɗe fuska yake a wurinsu. Na yi masa godiya, ya ce Allah ne. Ɗaya daga masu gardamar jam'iyya ya matsa masa wuri a gaba.

A sauran hanya Kawu ya ce a jirgin yaƙi, in mutum ya faɗa teku, wanda ya fara ganinsa ba shi da wani aiki sai nuni. Ko pasha ya kira shi ba ya waiwayawa. Ya ce ya taɓa ganin wanda ya waiwaya don ya amsa kira, da ya maido ido sai ruwa kawai. Muka shiga Takanamat da magariba.

Mun yi ƴan kwanaki, ana ta zuwa barka, ana gasa wa yarinyar jiki da ruwan zafi. Da za mu dawo, ƙoramar ta zama yashi, jakai suna tafiya a ciki. Kalgon yana nan kwance.

Ni mutum ce da ake cewa tana da haƙuri, har na yarda da haka. Tafiyar nan ta nuna mini ban san haƙurin ba sai ranar. Mun iso Tawa lafiya, amma kwana da kwanaki ban iya ɗaga taɓarya ba, ɗiyata ke yi mini daka. Ran nan tana daka ta tsaya, ta ce, "Inna, ina cikin ruwan na hango ki kina nuna ni. Na ce yau na shiga uku, faɗan takalmi za ki yi mini."

Na ce ta ci gaba da dakanta. Na shiga ɗaki na zauna, a nan ne kukan ya zo.